Ba Zamewa Ka Yi Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Wudil, ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗana Abba. Ina gaishe ka, ina sa maka albarka, ina roƙon Allah ya kai ka inda aka tura ka lafiya, ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki, amin.

Bayan haka, na san za ka yi mamaki a ce muna gida ɗaya, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naka, amma na aiko maka da takarda. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina aka sa maka, shi ya sa ake ce maka mai sunan Malam. Shekara ashirin da uku ban taɓa zaunar da kai na dubi idonka na yi doguwar magana ba, ba kuwa yau zan fara iyawa ba. Ban da haka raina a ɓace yake, na kuma lura in raina ya ɓaci bakina yakan riga hankalina. Alƙalami shi yana jira na.

Jiya da la'asar a zaure, bayan ka nuna mini takardar da aka naɗa ka malamin gona da ita, ka ce, "Baba, Sale zai bi ni. Zai riƙa kula mini da keke da ɗaki, ya dafa mana abin da za mu ci." Na ce maka ai na riga na yanke, gonar Ɗankaza da shanun noman nan biyu Sale ne zai riƙe su bana shi kaɗai, tun daga sharar gona har sussuka. Sai ka yi dariya. Da dariyar raini ce ma da ta fi mini sauƙi, amma ta mai jin tausayi ce. Ka ce, "Sale fa, Baba? Ai Sale ba ya iya tsayawa shi kaɗai. Wasu Allah ya yi su su ja gaba, wasu su bi. Ko a garke haka ne." Ƙaninka yana tsugune a bakin ƙofa yana jin ka, ƙato mai shekara ashirin da ɗaya, wanda yake saɓa buhun gero ba tare da an ɗora masa ba. Ka juya ka ce, "Ko ba haka ba, Sale?" Ya ce, "Haka ne, Yaya."

Ko a garke haka ne! Shekara biyu ana koya maka aikin gona, abin da ka kwaso ke nan? Kai da ban taɓa ganin ka tsaya a garke har dabbobi suka gama cin dusa ba, yau kai ne kake kafa mini hujja da garke?

To, ga abin da nake so, don kada ka wahala nemansa cikin takardar. Jibi Juma'a in mota ta tashi, kai kaɗai za ka hau. Sale zai zauna ya riƙe gonarsa. Kuma kai ne za ka sallame shi da bakinka, ba ni ba. Dalilan suna da tsawo, kuma kusan dukkansu laifina ne, saboda haka ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, kada ka yi mini irin karatun nan naka na tsallake layi.

Shekarar da na bar aikin maɗaba'a a birni na dawo gida, kana ɗan shekara takwas, na ce zan yi kiwo. Akwai wani tsohon rago Uda da na gada wurin kakanka, gajere, ƙahonsa ɗaya a gutsure, muna ce masa Dattijo. Wata Juma'a na shiga kara, kasuwar dabbobi, na ga wani Balami fari tas, dogo, mai faɗin ƙirji. An koro garkensu daga gabas, kwana da kwanaki suna tafe a ƙasa. Na saya, na sa masa suna Fari, na jawo shi gida da rana tsaka, ƙafafunsa na rawa, bakinsa na kumfa. Ban ba shi ruwa ba. Ban ɗaure shi a turke daban ya huta ba. Ɗokin in ga yadda zai yi kyau cikin 'yan'uwansa ya sa na kwance igiya na sake shi. Dattijo ya ɗaga kai daga komin dusa, ya ja da baya kamar taku biyar, ya zo ya haɗa masa karo. Sau uku ya yi. A na ukun Fari ya durƙusa, ya tashi, ya koma jikin danga ya tsaya yana kallon ƙasa.

Na ce gajiya ce, gobe zai rama. Bai rama ba. Aka yi wata, aka yi shekara. Fari ya murje, ya cika, har ya kusa ninka Dattijo nauyi, Dattijo kuwa haƙora sun fara zube masa. Amma da zarar tsohon nan ya doso komi, ko bai sunkuyar da kai ba, sai Fari ya bar abinci a bakinsa ya matsa. Har tumaki mata suka gane, suna ture shi. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, na ce an cuce ni, an sayar mini da rago mai ciwo. Na aika aka kira mini Ɗanjuma na Achika, wanda duk ƙasar nan ba wanda ya fi shi sanin raguna. Ya zo ya tsuguna, bai ko taɓa ragon ba, ya kalle su har suka gama ci.

Ya ce, "Malam, ranar da ka kawo shi ka ba shi ruwa?"

Na ce a'a.

"Ka bar shi ya kwana ya huta?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To me kake so in duba? Ragonka lafiyarsa ƙalau. Kai ne ka gaya masa shi ƙarami ne, shi kuwa ya yarda. Ku masu boko kun iya auna ƙirji da igiya, amma ba ku san rago ma yana da jiya ba."

Na ji kunya, don a lokacin na karanta abin da aka rubuta game da dabbobi gwargwado, na Larabci da na Turanci. Littattafan sun gaya mini kowane garke yana da na gaba da na baya. Ba wanda ya gaya mini cewa sau da yawa rana ɗaya ce take raba su, kuma wani lokaci mai garken ne ya zaɓi ranar da wautarsa. Saboda haka in ka je wurin aikinka aka kawo maka sabon sa, ko sabon lebura, ko manomin da bai taɓa riƙa garmar shanu ba, kada ka gwada shi ranar da ya iso, kada kuma ka gwada shi a gaban jama'a. Abin da za ka gani ran nan gajiyarsa ce da baƙuncinsa. Kai za ka manta, shi zai riƙe.

Na san zai riƙe, don tsayuwar nan da Fari yake yi a jikin danga na san ta. Ni ma na yi ta.

Makona na farko a maɗaba'a aka ce in ɗauko akwatin haruffa in kai wa babban mai jera su. Haruffan dalma ne ƙanana, kowane iri da gidansa a cikin akwatin. Na yi tuntuɓe, akwatin ya kife, suka watsu har ƙarƙashin inji. Mutumin nan, Allah ya ji ƙansa, bai zage ni ba. Sai ya sa kowa ya dakatar da aiki, ya ce a zo a ga yadda mutanen Wudil suke shuka. Na yini a durƙushe ina tsince su ɗaya-ɗaya suna dariya, daga ranar kuma sunana ya koma Zubau. Shekaru suka wuce, na zama mai gyaran kuskure, ba shafin da ake bugawa sai na sa hannu, har nasa. Na fi shi karatu nesa ba kusa ba, shi ma ya sani. Amma in ya shigo sai in ji na miƙe tsaye ba tare da na yi niyya ba, muryata ta koma ta yaro. Sau biyu na ga kuskure ƙiri-ƙiri a shafin da ya jera, na ɗaga alƙalami, na kasa kai masa, aka buga haka nan, aka kira ni ofis na ɗauki laifin. Da aka ce za a ba ni shugabancin sashen, na ce ban iya ba, na kuma yi imani da abin da na faɗa. Ban san na iya magana gaban manya ba sai da na bar wurin, na daina ganin fuskarsa kullum safiya. Wanda ya gan ni a wancan lokacin zai rantse haka Allah ya halicce ni. In wani na ƙasa da kai ya yi kuskure, Abba, ka ja shi gefe. Kada ka yi masa laƙabi da kuskurensa, ko da wasa, ko da kowa zai yi dariya, musamman ma in kowa zai yi dariya.

Za ka ce duk wannan labarin wanda aka kayar ne, bai shafe ka ba. To ga naka.

Ɗanjuma ya taɓa nuna mini yadda masu ragunan karo suke yi. Ba sa haɗa ɗan rago da sa'ansa. Sai su nemo masa wanda bai kai shi ba, ramamme ko ƙarami, ya buge shi. Bayan kwana biyu su kawo wani. In ya ci biyar, shida, sai tafiyarsa ta sake, wuyansa ya miƙe, ya daina jiran a tsokane shi. Daga nan yakan kori wanda ya fi shi ƙarfi ma, don shi yana shigowa ba ya shakka, wancan kuwa yana ganin haka sai ya fara shakka. Abin ya burge ni, na ce sai na gwada. Na zaɓi wani ɗan rago cikin nawa na sa masa suna Goje, na riƙa yi masa haka. Bai taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya, don ban taɓa barin ya haɗu da wanda zai kayar da shi ba. Wautar ita ce, ni da na shirya abin da hannuna, ni ne na fara mantawa. Na riƙa kallonsa ina cewa wannan jini ne.

Da aka yi taron karo a Achika bayan kaka, na kai shi. Ɗanjuma ya tare ni a hanya ya ce, "Malam, mai da shi gida. Ragon nan bai san faɗuwa ba."

Na ce ai abin da ake so ke nan.

Ya ce, "A'a. Wanda ya taɓa faɗuwa ya san lokacin da ake juyawa a gudu. Naka bai sani ba."

Ban ji ba. Aka haɗa shi da wani baƙin rago mai tabo a goshi, wanda ya ci ya kuma sha kaye. Tun karo na huɗu kowa ya ga an fi ƙarfin Goje. Duk ragon da ke da hankali da ya juya. Shi kuwa sai ya ja da baya ya sake zuwa, jini na bin fuskarsa, ya sake zuwa, don a duniyarsa ba a taɓa yin wani abu ban da wannan ba. A na tara ƙahonsa ya tsage tun daga tushe, ya faɗi, sai wuƙa aka sa masa a wurin. Liman ya yi mini faɗa sosai, ya ce haɗa dabbobi faɗa ba aikin Musulmin kirki ba ne, balle mai karatu. Da gaskiyarsa, ban kuma sake ba. Amma ka ga, na tuba daga yi wa raguna, ban lura ina yi wa 'ya'yana ba.

Kana ɗan shekara goma, Sale yana takwas, abokaina na maɗaba'a suka kawo mini ziyara. Bayan an ci abinci na ce ku fito ku yi kokawa baƙi su gani. Sale bai fi kwana huɗu da tashi daga zazzaɓi ba, wuyansa kamar kara. Uwarku ta leƙo ta ce, "Malam, yaron nan bai warware ba." Na ce wasa ne. Ka ɗaga shi ka buga da ƙasa, baƙi suka tafa, ɗaya ya ce, "Mai sunan Malam ba ya faɗuwa!" Na ji daɗi har cikin raina. Daga nan ya zama al'ada, duk baƙon da ya zo sai an yi, duk sanda aka yi kai ne a sama. Ban taɓa haɗa ka da 'ya'yan maƙera na bayan gidanmu ba, kuma na san abin da ya sa ban haɗa ka da su ba.

Sai shekarar da ka zo hutu daga makarantar Midil, kana da goma sha bakwai. Muna Ɗankaza ana sussukar dawa, samari suka ja da'ira a masussuka, aka ce ku shiga. Kai ka shekara kana zaune a benci, shi ya shekara yana huɗa. Kuka kama. Ina tsaye kusa, ba abin da ya tsere wa idona. Ya sa maka ƙafa ta ciki, ya ɗaga ka sama sosai, ya kwantar da kai da bayanka, kaye mai kyau wanda ba gardama a cikinsa. Ya tsaya a kanka yana haki, fuskarsa ta buɗe, ya juyo yana neman idona don ya ga ko na gani.

Na gani. Abin da na gani shi ne mai sunan ubana kwance cikin ƙaiƙayi, ƙaninsa a tsaye a kansa, mutanen ƙauye suna kallo. Ban san lokacin da na ratsa da'irar ba. Na mare shi. Na ce, "Wanka za ka kayar? Mai sunan Malam? Ba ka da kunya?" Sannan na juya wurin jama'a na ce ƙaiƙayi ne ya kwashe ka, zamewa ka yi, ba kaye ba ne. Dattawa suka ce haka ne, ai ƙani ba ya kayar da wa. Aka ɗaga ka, aka kakkaɓe maka riga. Sale bai sake shiga da'ira ba har yau.

Ba zamewa ka yi ba, Abba. Shekara shida kana ba da labarin nan kana cewa ƙaiƙayi, ina ji ina yin shiru. Kayar da kai aka yi.

Ban rubuta wannan don in rage ka ba. Kana da ƙwaƙwalwa, kana da baki, ba ka tsoron shiga ofis, kuma waɗannan naka ne. Amma wani kaso na wannan miƙewar wuyan ni na ɗura maka shi, kamar yadda na ɗura wa Goje, shi ya sa hankalina bai kwanta da tafiyarka ba. Inda za ka akwai dattawan manoma da suka yi noma tun ba a haife ka ba, akwai dagatai, akwai na sama da kai a ofis. Wata rana ɗayansu zai fi ka gaskiya a gaban mutane. Ran nan ka ce, "Na yi kuskure," ka juya. Ba a mutuwa don an juya. Ina tsoron kada ka ja da baya ka sake zuwa, ka sake zuwa, don ba a taɓa barin ka ka koyi wani abu ban da wannan ba.

Kuma tunda muna maganar gaskiya, bari in ƙara maka ɗaya da ta daɗe tana ci mini rai. Ranar da aka zo gwada ka a gonar nan, ka riƙa garma shanu suka tafi sak kamar an ja layi, aka yaba maka, har aka rubuta a takardarka. Wa ya horar da shanun? Wa ya yi wata uku yana sa musu karkiya ba garma, yana ja musu gungume, har suka san muryarsa? Wa ya gane cewa jan san nan ba ya tafiya in an sa shi a dama, don tun yana maraƙi ɗan'uwansa yake tunkuyinsa ta wannan gefen? Da safen ran nan ka ɗaura su a juye, Sale ya lallaɓa ya sake musu wuri kafin baƙi su iso, bai ce maka komai ba. Wannan shi ne mutumin da za ka tafi da shi ya wanke maka tukunya. Haba, Abba!

Za ka ce to in haka ne ai gara ya bi ka, ya taimake ka da shanun can. Na yi wannan tunanin, amsarsa kuma tana wurin Fari. Bayan Ɗanjuma ya gama yi mini ba'a na tambaye shi magani. Ya ce ba jiƙo ba ne, ba turare ba ne, a raba su kawai, a kai shi inda ba zai ga Dattijo ba, ba zai ji warinsa ba. Na kai shi Indabo wurin ƙanwata, cikin tumakinta da 'yan raguna ƙanana. Kwanakin farko ko ɗan rago ne ya matso sai ya kauce. A hankali ya ga ba wanda ya buge shi. Ya fara tsayawa. Wata rana wani ya tsokane shi ya mayar masa. Bayan wata biyar na dawo da shi. Ba zan yi maka ƙarya in ce ya zo ya kori Dattijo ba, bai kore shi ba, ba su ma yi karo ba. Tsohon ya doso komi kamar yadda ya saba, Fari ya ɗaga kai ya dube shi, ya mai da kai ya ci gaba da cin dusarsa. Shi ke nan. Suka ci tare. Da na bar shi a gidan nan, ko shekara goma zai yi yana ƙara ƙiba, a jikin danga zai mutu.

Sale yana bukatar damina ɗaya da ba ka cikinta, ni ma ba na cikinta. Ya yanke ranar shuka da kansa, ya yi faɗa da masu ƙodago da kansa, in ya yi kuskure ya zama nasa, in dawa ta yi kyau ba wanda zai ce albarkacin Yaya ne. In ya bi ka, zai horar maka da shanu, a yaba maka, ya ji daɗi an yaba maka, ku tsufa a haka.

Me ya sa ban hana shi da kaina ba, na huta da wannan dogon rubutu? Na gwada. Yau da safe na same shi yana ba shanu harawa. Na daɗe a tsaye ina gyaran murya kamar mai neman aro, sannan na ce, "Sale, ka tuna ranar masussuka, da kuka yi kokawa da wanka?"

Ya ce, "Na tuna, Baba."

Na ce, "Ran nan ban yi maka adalci ba. Ka kayar da shi."

Ya tsaya da harawa a hannu, ya yi murmushi kamar na faɗi abin dariya, ya ce, "A'a, Baba, ai Yaya zamewa ya yi. Ƙaiƙayi ne. Ni ina zan iya kayar da Yaya?"

Na ce ina wurin, na gani da idona.

Ya ce, "Ai kai ka faɗa ran nan, Baba. Kowa ya ji."

Na juya na shigo na ɗauki alƙalami. Ka gani? Shekaru na yi ina gyara kuskuren mutane kafin a buga, nawa kuwa na buga shi da kaina, ya bushe, har wanda aka yi wa ƙaryar ya haddace ta. In na ce masa ya zauna, zai ce "To, Baba," da muryar nan da ya ce "Haka ne, Yaya," ya tafi Ɗankaza yana ganin an hana shi bin ka ne don ko wankin tukunyar ba a yarda ya iya ba. Maganata ta riga ta lalace a wannan zance, ni na lalata ta. Taka ce kawai ta rage, don kai ne wanda bayansa ya taɓa ƙasa, kuma na tabbata in ka zauna ka tuna da gaske, jikinka ya san bambancin zamewa da ɗagawa.

Saboda haka kafin Juma'a ka same shi shi kaɗai, ba a zaure ba, ba gaban uwarku ba. A wurin shanu ya fi, nan ne ya fi sakewa. Kada ka ce masa ka yafe masa tafiyar, kada ka ce ka tausaya masa, kada ka ce Baba ne ya ce. Ka gaya masa ka tuna ranar, kuma ka san ɗaga ka ya yi. Zai musa. Ka sake faɗa. Sannan ka tambaye shi yadda ake gane gefen da sa yake so a karkiya, ka tsaya ka saurara har ya gama, don wallahi ba ka sani ba, kuma mako mai zuwa za a tambaye ka. Daga nan ka ce masa gonar Ɗankaza tasa ce, kana jiran labarin kaka.

Na san abin da nake nema yana da nauyi. Ni ma ban iya ba sai da na kai wannan shekaru, kuma ka ga yadda nawa ya ƙare. Amma kai yaro ne, wuyanka bai ƙage ba tukuna. In ka iya sunkuyar da shi sau ɗaya a gida, gaban ƙaninka, inda ba wanda zai yi maka dariya, hankalina zai kwanta cewa za ka iya a waje ranar da ta zama dole. In kuwa ka karanta wannan ka ninke ka ce tsufa ne ya fara taɓa Baba, to ba zan yi jayayya da kai a tasha gaban mutane ba. Za ku hau ku biyu, in sa muku albarka, in ba da gonar aro, in dawo in zauna da abin da na shuka.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa ka sauka lafiya, ya ba ka shugabanni masu adalci, ya sa kai ma ka zama mai adalci ga na ƙasa da kai. Allah ya tsare ka daga girman kai da ƙasƙanci duka biyu, ya yafe mini abin da na yi muku da sani da wanda na yi da wauta. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka riƙa aiko da takarda, ka rubuta ta yadda za a iya karanta wa uwarku.

Ita kuwa tun jiya ta ɗaure ƙunshin guzuri biyu, ta ajiye a bakin ƙofarta. Na ce ta kwance ɗaya, ta ce ba daga bakina ta ji za a tafi da Sale ba, saboda haka ba daga bakina za ta yarda an fasa ba. Suna nan a ajiye. Ranar Juma'a ina so in ga ɗaya ne ya hau mota.

Wassalam.

Mahaifinka.